Daga Akwatin Rediyo Zuwa Tauraron Ɗan'adam: Aikin Da Ake Yi A Lugbe

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya kama hanyar shiga birnin Abuja, sai ya ratsa ta Lugbe. Yawancin matafiya ba su san wannan unguwa da kome ba sai cunkoson motoci safe da yamma. Amma a nan ne Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo take, inda hedkwatar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, watau NASRDA, da ta kamfanin NIGCOMSAT suke zaune, da manyan farantansu da suka buɗe baki suna fuskantar sama dare da rana. A yankin Lugben nan kuma aka gina babbar tashar tura murya ta Muryar Nijeriya, wadda aka buɗe a shekarar 2012 da injuna uku, kowanne mai ƙarfin wat 250,000.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa waɗannan wurare biyu ba abin da ya haɗa su sai maƙwabtaka, tun da ɗaya aikinsa taurari ne, ɗaya kuwa labarai da waƙe-waƙe. Alhali kuwa sana'arsu ɗaya ce. Ilmin da ya sa makiyayi a dajin Mambila yake jin labarin duniya daga ɗan akwatin da ke rataye a kafaɗarsa, shi ne ilmin da ake magana da kumbo da shi, shi ne kuma ake sauraron taurari da shi. Wanda ya fahimci ɗan akwatin nan ya riga ya fahimci rabin abin da injiniyoyin Lugbe suke yi.

Mene ne "mita 49"?

Dattawan da suka tashi da sauraron Rediyon Kaduna ba su manta da yadda mai gabatarwa yake cewa ana kama su a kan mita 49 gajeren zango ba. Mutane da yawa sun haddace wannan lamba ba tare da an taɓa gaya musu abin da ake aunawa ba.

In ka jefa tsakuwa a kududdufi, za ka ga ruwa yana tashi yana sauka, da'ira na bin da'ira har gaɓa. Haka lantarki yake yi idan aka sa shi kai da komowa da sauri cikin dogon ƙarfe, watau eriya: sai wata irin igiya wadda ido ba ya gani ta fita daga ƙarfen ta bazu ko'ina, tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, daidai da gudun haske. Wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, James Clerk Maxwell, shi ya fara gano ta da lissafi kawai a wajen 1865. Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da ita a ɗakin gwaji a 1887, sa'an nan Guglielmo Marconi na Italiya ya mai da ita abin aika saƙo, har ya tsallakar da ita tekun Atilantika daga Ingila zuwa gaɓar Kanada ran 12 ga Disamba, 1901.

To, tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na bayansa ita ce ake aunawa da mita. Tashar Hausa ta Kaduna ta yi suna a kan lamba 6090, ma'ana lantarkin eriyarta yana kai da komowa sau 6,090,000 a kowace daƙiƙa. In ka raba tafiyar da igiya ke yi a daƙiƙa ɗaya da wannan adadi, sai ka sami mita 49 da 'yan kai. Tashar Kapital FM ta Abuja kuwa tana kan 92.9, watau sau miliyan 92 da dubu 900 a daƙiƙa, saboda haka tsawon igiyarta bai fi mita 3 da kaɗan ba.

Ita wannan igiya tamkar jaki ce, murya kuwa ita ce kayan da ake ɗora mata. Mai magana ya yi magana a gaban makirfo, makirfo ya juya muryar ta koma lantarki, tiransimita ya ɗora ta a kan igiya, eriya ta sake ta. Akwatinka ya zaɓi igiya ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ke ratsa ɗakinka, ya sauke kayan, ya miƙa wa lasifika. Hanyar ɗora kayan iri biyu ce. A tsarin AM, ƙarfin igiyar ne yake ƙaruwa yana raguwa bisa ga tashi da saukar murya. A tsarin FM, wanda Ba'amurke Edwin Armstrong ya fito da shi a 1933, ƙarfin yana nan yadda yake, saurin kaɗawar ne yake ɗan sauyawa. Walƙiya ita ma igiyar rediyo take fitarwa, tana kuwa ɓata ƙarfin igiya ne, shi ya sa da damina za ka ji AM yana ƙarar ƙaƙas-ƙaƙas tun kafin hadari ya iso, FM kuwa ya ci gaba da magana tangaram.

Rufin da ido ba ya gani

Abin da ya ɗaure wa masana kai bayan gwajin Marconi shi ne, igiya a miƙe take tafiya, duniya kuwa ƙwallo ce. Ta yaya saƙo ya bi gantsarar teku har ya kai ɗaya gefen? A 1902 waɗansu masana biyu, Oliver Heaviside da Arthur Kennelly, kowa daban, suka ce lalle akwai wani rufi a sama da yake maido da igiyar ƙasa. Edward Appleton na Ingila ya tabbatar da haka da gwaji a 1924.

Wannan rufi iska ce siririya wadda ta fara daga kimanin kilomita 60 sama da kanmu ta yi sama ɗaruruwan kilomitoci. Zafin hasken rana yana dukanta har ta ɗauki lantarki, ta zama kamar madubi ga waɗansu igiyoyi. Gajeren zango ya tashi daga Jaji ko Lugbe, ya bugi rufin, ya dawo ƙasa a nisan kilomita dubu ko fiye, ya sake tashi kamar ƙwallon roba. Ta haka ne Bahaushen zangon Kumasi da na Agadas da na Garwa suka riƙa jin Zaɓi Sonka da Jakar Magori lokaci guda da mutumin Zariya. Ƙasan rufin nan kuma yana shanye matsakaicin zango da rana, amma da faɗuwar rana sai ya baje, igiyar ta sami hanyar kaiwa ga madubin da ke can sama. Wannan ne dalilin da ya sa tashar da ba ka samu da azahar, bayan isha sai ka ji ta kamar a bayan gida.

Igiyar FM kuwa rufin ba ya iya tare ta, huda shi take yi ta wuce. Saboda haka tashar FM ba ta wuce inda dogon turkenta yake hange ba, 'yan kilomitoci gommai, sai dutse ko gantsarar ƙasa ta tare ta. Amma wannan rauni nata shi ne ya buɗe ƙofar sama. Igiyar da ta iya huda rufin ta fita, ita ce za a iya magana da kumbo da ita, ita ce kuma za ta iya shigowa daga waje ta iske mu.

Yadda akwatin ya shigo ƙasar Hausa

Rediyo ya fara shigo mana ne ta waya. A Legas aka soma a cikin shekarun 1930, Kano ta samu a 1944: akwati ne mai lasifika ake rataya wa mutum a bango, a jawo masa waya daga tasha, yana biyan kuɗin wata, ba shi da zaɓin abin da zai ji. A 1951 aka kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya, ta zama hukuma mai zaman kanta a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashen Hausa ran 13 ga Maris. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda daga baya ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta biyo a Kano a 2003.

Abin da ya fitar da rediyo daga zauren sarki da gidan ma'aikaci ya kai shi ruga da gona shi ne wani ɗan ƙanƙanin abu da ake kira tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Kafin shi, akwati sai da kwalabe masu zafi da cin wuta. Bayansa kuwa batir biyu ko huɗu sun isa. Shi wannan tiransisto ɗin ne kuma ya sa na'urori suka yi ƙanƙanta da rashin nauyi har roka ta iya ɗaukarsu.

Ƙarar da ta fito daga taurari

Mutanenmu sun daɗe suna duban sama. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi ya san Gamzaki, kowa ya san Zara matar wata, malamai irin su Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, sun yi rubutu a kan lissafi da taurari. Amma duk da ido ake yi, ko da madubin hangen nesa bayan Galileo ya ɗaga nasa sama a 1609. Ba wanda ya san ana iya sauraron sama sai da wani injiniyan kamfanin tarho ya yi tuntuɓe da abin.

Kamfanin Bell na Amurka ya sa Karl Jansky ya binciko abin da ke kawo ƙarar shuu a wayar iska da ake bugawa zuwa Turai. Ya ƙera eriya mai juyawa a kan tayoyin tsohuwar mota ƙirar Ford, ya saita ta a kan kimanin mita 14 da rabi, watau gajeren zango. Ya gano tsawar kusa, ya gano ta nesa, amma sai ga wata ƙara ta uku, siririya, wadda take ƙaruwa sau ɗaya kowace awa 23 da minti 56. Da rana ce take kawo ta, da awa 24 cif za ta riƙa yi. Waɗannan mintoci huɗu da suka ragu su ne suka nuna masa taurari take bi, gama da wannan lissafi taurari suke komawa mazauninsu. A 1933 ya sanar cewa ƙarar daga tsakiyar gungun taurarin da duniyarmu take ciki take fitowa, farin zanen nan da ake gani ya ratsa sama a daren da babu wata.

Daga nan aka sami sabon irin madubin hangen nesa, wanda ba gilashi gare shi ba, faranti ne. Aikin farantin shi ne ya tattara igiya mai rauni ya tara ta a wuri ɗaya, kamar yadda mazurari ke tara ruwa, don haka iya faɗinsa iya jinsa. Da wata na'urar sauraron sama Jocelyn Bell ta gano taurari masu bugawa kamar zuciya a 1967. Ƙasar Sin ta gama nata mai faɗin mita 500 a 2016. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai faranti 64 a 2018. Su ma manyan madubai, Hubble da aka harba a 1990 da James Webb da aka harba ran 25 ga Disamba, 2021 ya tafi nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, duk hoton da suka ɗauka ta rediyo suke aiko shi.

Abin mamaki a nan shi ne kumbon Voyager 1, wanda ya bar duniya ran 5 ga Satumba, 1977. A 2025 ya zarce kilomita biliyan 24, saƙonsa yana yin kimanin awa 23 a hanya. Tiransimitansa kuwa wat 23 ne kawai, ƙarfin ƙaramin ƙwan lantarki, injin Lugbe guda ɗaya ya ninka shi fiye da sau 10,000. Ana jinsa ne saboda farantai masu faɗin mita 70 da aka kafa a Amurka da Sifen da Ostareliya, yadda duk inda duniya ta juya akwai kunnen da ke fuskantarsa.

Kano da Legas a farkon zamanin kumbo

Ran 4 ga Oktoba, 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Abin da yake yi kawai shi ne kukan tsit-tsit a kan gajeren zango, wanda masu akwati mai kyau suka kama a ƙasashe da dama. Da Amurka ta tashi tura mutum, sai ta ga tilas ta jera tashoshin sauraro kewaye da duniya, gama kumbo yana wuce kowace tasha cikin 'yan mintoci. Ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi a Kano aka kafa ta. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn yake kewaya duniya sau uku, ya yi magana da tashar Kano, har ya ba da labarin ƙurar da yake hange a ƙasa, suka amsa masa cewa an kwana biyu ana iska. Lokacin hunturu ne.

Shekara guda da rabi bayan haka, ran 23 ga Agusta, 1963, Shugaba Kennedy na Amurka ya yi magana da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa mai faranti da aka girke a tashar jiragen ruwan Legas. Wannan ce zantawa ta farko da shugabannin gwamnati biyu suka taɓa yi ta tauraron ɗan'adam.

Taurarin Nijeriya

An kafa hukumar NASRDA a 1999, Farfesa Robert Boroffice ne ya fara shugabantarta. Ran 27 ga Satumba, 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi tare da horar da injiniyoyinmu, nauyinsa kimanin kilo 100, kwatankwacin buhun masara. Mai ɗaukar hoto ne, yana kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 700 cikin minti 100 ko ƙasa da haka kaɗan. Idan ya zo wucewa ta saman Abuja, sai farantin tasha ya bi shi daga wannan gefen sama zuwa wancan na kimanin minti goma, ya sauke hotuna, ya ba shi sabon umurni. Yana cikin taurarin da suka aiko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. An ƙiyasta masa shekara 5, ya yi aiki har 2012. Ran 17 ga Agusta, 2011 aka harba NigeriaSat-2, wanda yake iya rarrabe abu mai faɗin mita 2 da rabi a ƙasa, tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a masana'antar Surrey.

Tauraron sadarwa kuwa dabam yake. Ana kai shi tsayin kilomita 35,786 daidai saman tsakiyar duniya, inda kewayensa yake ɗaukar kwana ɗaya, daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar an kafe shi wuri guda. Shi ya sa farantin talabijin na gidanka ba ya motsi. A taƙaice turken rediyo ne da aka rataya a sama, wanda yake hangen kusan sulusin duniya. Zuwa da dawowar igiya ya kai kilomita 72,000, wajen rubu'in daƙiƙa ke nan, shi ne ɗan shirun da kake ji kafin wakili na nesa ya amsa tambaya. Na farkonmu, NigComSat-1, an harba shi daga Xichang ta ƙasar Sin a watan Mayun 2007, amma a Nuwamban 2008 fikafikansa masu tara hasken rana suka lalace, wuta ta ƙare masa. An maye gurbinsa da NigComSat-1R ran 19 ga Disamba, 2011, ana sarrafa shi daga Abuja.

Abin da ya rage mana

Tauraron ɗan'adam irin namu ba a kai masa makanike. Ranar da man da yake gyara zama da shi ya ƙare, ko batirinsa ya gaji, shi ke nan. An ƙera NigeriaSat-2 don shekara 7, wa'adin da ya cika tun 2018. An ƙera NigComSat-1R don shekara 15, wanda lissafinsa ya faɗa ƙarshen 2026. Ƙera sabo kuwa da harba shi aikin shekaru ne, ba a fara shi ranar da tsohon ya yi shiru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani giɓi. Duk taurarinmu uku masu ɗaukar hoto da haske suke gani, kamar ido, gajimare yana rufe musu ƙasa. Ambaliya kuwa da damina take zuwa, kamar ta 2012 da ta 2022, da wadda ta cinye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024. Na'urar da take gani ta cikin gajimare da duhun dare ita ce rada, wadda take jefa igiyar rediyo ƙasa ta saurari amsa-kuwwarta. Ƙasar da ruwa yake ci kowace shekara, wadda kuma dazuzzukanta suka zama maɓoyar ɓarayi, ta fi kowa bukatar irin wannan tauraro.

Ta fuskar sauraron taurari kuwa, Gana ta nuna hanya mai sauƙin kuɗi. Tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse kusa da Akara suka gyara ya koma na bincike, aka buɗe shi a 2017. Mu ma an kafa mana manyan farantan sadarwa a Lanlate ta Jihar Oyo da Kujama kusa da Kaduna, muna kuma da cibiyar nazarin taurari a Nsukka da ta auna motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauci. Ya kamata hukuma ta duba wannan misali, domin ɗaliban kimiyya na Zariya da Kano da Sakkwato su sami abin koyo a gida.

Daga ƙarshe, ko tauraro ya hango ruwa tafe, ganin bai amfani kowa ba sai labarin ya kai ga mutumin da yake kwana a bakin kogi. A Satumban 2021, da aka rufe layukan wayar salula a Jihar Zamfara da waɗansu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro, akwatin rediyo ne ya rage wa jama'a. FM ba ya kaiwa kowane lungu, gajere da matsakaicin zango ne suke ratsa daji, su kuwa injunansu suna bukatar wuta mai yawa da kayan gyara da ƙwararru. Saboda haka idan wakilanmu a Majalisar Tarayya suka zauna kan kasafin kuɗi, ya kamata su tuna da farantan Lugbe da turakun Jaji tare, su tambayi yaushe za a harba magajin kowane tauraro, su kuma tambayi injuna nawa ne suke aiki a kowace tashar tura murya. Mai sauraro ma yana da hakkin ya aika wa gidan rediyonsa da wannan tambaya, a karanta ta a iska kowa ya ji amsa.